Ciyawa Ta Dawo Gaban Ofis

Tsofaffin ɗaliban wata makarantar kwana da ke wajen Zariya suna tuna filin gaban ofishin shugaban makaranta kore shar. Waɗanda suka zo daga baya kuwa jar ƙasa suka tarar, ta taurare saboda sawu, sai tsaidau da ƙarangiya da ke maƙale wa yara a safa. Awakin unguwa suna shigowa ta inda katanga ta rushe, su ƙarasa ɗan abin da ya tsira.

Bana aka yi niyyar gyara. Wasu malamai sun so a sayo irin ciyawa a watsa, amma dattijon gadinan makarantar, wanda kowa ke ce wa Baba, ya nuna cewa ƙasa ce ta gaji. Ina ganin gaskiyarsa. Iri a kan ƙasar da ruwa ba ya ratsawa abincin tsuntsaye ne kawai, ragowar kuma ruwan farko ya kwashe.

Tun bazara aka fara da diga, aka fasa ƙasar kimanin tsawon taƙi. Aikin da ya fi cin rai shi ne tsince aya-aya, domin idan ka bar ƙwayarta ɗaya a ƙasa, sai ta dawo da danginta. Daga nan aka riƙa turo baro cike da takin shanu wanda ya shekara ya ruɓe. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana janyo gara, ga shi cike da irin ciyayin da shanun suka ci a daji. Aka baje da manjagara, aka ɗan karkatar da filin don kada ruwa ya kwanta.

Da ruwa ya zauna a watan Yuni, Baba ya kawo kiri-kiri daga bakin fadama, aka yayyanka aka dasa layi-layi. Ita wannan ciyawa rarrafe take yi, duk gaɓar da ta taɓa ƙasa sai ta kafa saiwa, kuma tana jure tattaki da fari. Kafin markar Agusta ta wuce, layukan sun haɗe. Baba ya hana a yanke ciyawar sai da ta kama sosai, ko a lokacin ma sama-sama.

Abin da ya fi burge ni shi ne hanyar da ɗalibai suka saba yankewa ta cikin filin zuwa ɗakin cin abinci. Ba a tare ta da bulala ba, an zuba mata tsakuwa, an bar musu ita. Ƙarƙashin darbejiya ma ba a ɓata ƙarfi ba, tunda kiri-kiri ba ta son inuwa. Benci aka ajiye.

Yanzu hunturu ake jira. An toshe katangar, an kuma raba wa azuzuwa kwanakin ban ruwa daga rijiyar burtsatse, kowace yamma bayan la'asar, Baba na tsaye yana nuna musu inda bai jiƙu ba.