Tunkiyarka na da ciki? Ka lura da makonni 6 na ƙarshe

Kai da ka zuba 'yan kuɗinka a kiwo, tsaya ka ji. Tunkiya kan yi kusan kwana 150 da ciki, amma a makonni 6 na ƙarshe ɗan ya fi girma. Yana jan sukari da sinadarin kalsiyam daga jinin uwar, ga shi ya matse mata tumbi, ba ta iya ci sosai. In tagwaye ne, jikinta sai ya koma ƙona kitse, ka ga ta ware, ta ƙi abinci, ta kwanta.

Ka riƙa ƙara mata harawa da dusa kaɗan-kaɗan, ga gishirin lasa da ruwa. In ta fara tangaɗi, kira likitan dabbobi nan take, kar ka tsaya tambayar 'yan Facebook.