BAYANI: Dalilin da ya sa ƙarfin inji ba ya hana ƙaramin jirgin sama faɗuwa

Ga matashin Rogo ko Ƙaraye da ke burin zama matuƙin jirgin sama, makarantar da ta fi kusa ita ce Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. A can ne marigayi Danbaba Suntai ya koyi tuƙi yana kan kujerar gwamnan Taraba. A ranar 25 ga Oktoba, 2012, jirgin Cessna 208 Caravan da yake tuƙawa daga Jalingo ya faɗi kusa da Yola. Bai sake samun cikakkiyar lafiya ba har ya rasu a 2017.

Rahoton hukumar binciken haɗurran jiragen sama ya nuna cewa gwamnan bai cancanci tuƙa irin wannan jirgi ba, kuma ya yi tafiyar da ake dogaro da gani da ido bayan faɗuwar rana. Me ya sa lasisin tuƙa ƙaramin jirgi bai isa a hau wanda ya fi shi ƙarfi ba?

Iyakoki biyu

Kowane jirgi yana tafiya ne tsakanin iyakoki biyu. A agogon gudu akwai jan layi, wanda idan aka ƙetare shi fiffike ko wutsiya na iya karyewa. A Cessna 172, jirgin koyo da ya fi yaɗuwa a duniya, layin yana kan kimanin kilomita 300 a awa.

Iyaka ta ƙasa ita ce matuƙa ke kira sitol. Yawancin mutane suna zaton mutuwar inji ake nufi, alhali fiffike ne ke gazawa. Iskar da ke bin bayan fiffike ce ke ɗauke da jirgi. Idan aka ɗaga hanci har fiffiken ya fuskanci iska da kusurwar da ta haura digiri 15 zuwa 18, sai iskar ta kuɓuce masa, jirgin ya sulmiyo ƙasa ko da inji na ruri.

Cessna 172 mai ƙarfin doki 180 yana shiga sitol ne a wajen kilomita 90 a awa lokacin sauka. Caravan mai ƙarfin doki 675 kuwa, a wajen kilomita 113. Wato gudun da yake lafiya lau a jirgin farko, halaka ne a na biyu.

Inda ƙarfi ke zama tarko

Farfelar inji mai ƙarfi tana hura iska a kan fiffike, sai jirgin ya jure ɗaga hanci fiye da kima, har matuƙin da bai ƙware ba ya saki jiki. Idan sitol ya zo, yakan zo da tsanani: juyin farfela na jan hanci zuwa hagu, fiffike ɗaya ya riga ɗan'uwansa gazawa, jirgin ya kama wulwulawa. A can sama akwai sararin gyara, ta hanyar sunkuyar da hanci. Kusa da ƙasa babu wannan dama.

Iyakar kuma ba a tsaye take ba. Nauyi na ɗaga ta, haka ma kwana: idan jirgi ya karkata da digiri 60 ba tare da rage tsawo ba, gudun sitol na ƙaruwa da kusan kashi 41 cikin ɗari. Zafin bazara irin na Kano yana sa iska ta yi shara-shara, inji ya rage ƙarfi, jirgi ya buƙaci doguwar hanya kafin ya tashi.

Saboda haka ne a Amurka doka ta wajabta ƙarin horo da sa hannun malami kafin mutum ya tuƙa jirgin da injinsa ya haura ƙarfin doki 200.

Abin da ya shafi talaka

Ƙananan jirage ne ke feshin tsuntsayen jan-baki a gonakin Arewa, ƙasa-ƙasa, ɗauke da kaya, suna kwana mai kaifi a kan ƙauyuka. Gwamnatocin jihohi kuma suna sayen jirage da horar da matuƙa da kuɗin jama'a, kamar yadda Kano ta tura matasa 100 Jodan a zamanin Rabi'u Kwankwaso. Rahoton haɗarin Yola ya ambaci raunin sa ido daga hukumar NCAA. Don haka duk lokacin da aka sanar da irin wannan kashe kuɗi, haƙƙin 'yan majalisa da 'yan jarida ne su tambaya: wane ne zai tuƙa, a kan wane jirgi aka horar da shi, kuma wa ya tabbatar da hakan?