Zanen Ƙasa: Wane Tufa Ne Zai Zama Tambarin Nijar?

Duk shekara, in watan Mayu ya kama, telolin Damagaram ba su samun barci. Daga Birni zuwa Zango, keken ɗinki yana ta kuka har tsakar dare, domin mata na jiran a gama musu ɗinkin zanen 13 ga Mayu. Wannan rana ta samo asali ne a shekara ta 1991, sa'ad da matan Yamai suka yi jerin gwano, suna neman a ƙara musu kujeru cikin kwamitin shirya Babban Taron Ƙasa. A 1992 gwamnati ta mai da ita ranar matan Nijar. Haka kuma ake buga zane na musamman don bikin 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya, wanda Damagaram ta karɓi baƙuncinsa a 2006, ta sake karɓa a 2018 da sunan Zinder Sabuwa.

Abin da za a zana a jikin irin wannan tufa bai yi wa Nijar ƙaranci ba. Akwai launukan tuta da aka tsai da a 1959: ruwan goro, fari da tsanwa. Akwai alamun tambarin ƙasa: rana, kan sa, zangarniyar hatsi uku, da mashi tare da takubba biyu. Amma da zarar zane ya fito kasuwa, sai gardama ta tashi. Wasu mata na son launi mai haske, wanda za a hango daga nesa ranar fareti. Wasu na cewa zanen da aka cika da rubutu da shekara na rana ɗaya ne, bayan biki sai ya koma goyon yaro ko shimfiɗa. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa, wadda ta tara kuɗin zane uku, wato yadi 6, tambayarta biyu ce: yana zuba in an wanke? Yana shan iska lokacin bazara?

Akwai wata tambaya da ta fi waɗannan nauyi: a ina aka yi shi? A ƙarshen shekarun 1960 an kafa masaƙar NITEX a Yamai, wadda daga baya ta zama SONITEXTIL, don ƙasa ta riƙa buga atamfarta da kanta. A yau mafi yawan atamfar da ke kasuwar Dole daga waje take zuwa, daga Sin, Holan da Abijan, da ma wasu wurare. Ke nan mutum na iya ɗaura alamar ƙasarsa, alhali kuɗinsa ya ƙetare iyaka. Hausawa dai sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Tun kafin atamfa, wannan ƙasa tana da tufafinta. A zamanin Sarki Tanimu, cikin ƙarni na 19, Damagaram babban zango ce tsakanin Kano da Tarabulus. Ta nan turkuɗin Kura ke bi zuwa Agadas, inda Buzaye ke naɗa shi. Masaƙa na saƙa ƙyalle siriri, a haɗa shi ɗaya bayan ɗaya har ya zama riga. Akwai saƙi, mai ƙananan gidaje na baƙi da fari kamar jikin zabuwa. Akwai tsamiya, wadda ake samu daga zaren wata tsutsar daji. Akwai barage, mai jan alharini da fatake ke kawowa ta hamada. Kowane yana da wurinsa da darajarsa. Har yanzu dattawa na girmama nauyin saƙi, samari kuwa sun fi karkata ga shadda mai sheƙi, suna cewa tufan hannu ya yi kauri, ya yi tsada.

Wasu ƙasashe sun sha irin wannan gardama. A Sikotilan, arewacin Birtaniya, maza na ɗaura wani zanen ulu mai naɗe-naɗe da ke tsayawa a gwiwa, saƙarsa mai gidaje ce kamar saƙi, ana ce mata tatan. A 1746 hukuma ta hana mutanen tsaunuka sa shi, sai a 1782 aka ɗage dokar. Daga baya zuriya-zuriya suka riƙi nasu samfurin, har garuruwa da ƙungiyoyi suka bi sahu. A 2009 aka buɗe rajistar hukuma, inda ake rubuta sunan kowane samfuri, da launukansa, da adadin zaren kowane launi. Su ma suna jayayya tsakanin masu son ulu mai nauyi da masu son yadi marar nauyi mai araha. Kusa da gida kuma, a Burkina Faso, shugaba Toma Sankara, wanda ya yi mulki daga 1983 zuwa 1987, ya umurci ma'aikatan gwamnati su riƙa sa faso dan fani, tufan da masaƙan ƙasar ke yi da audugar ƙasar.

Darasi biyu ke nan ga masu riƙe da al'amura. Na farko, samfurin da ba a rubuta ba yana bin mai shi kabari. Ya kamata a bi tsofaffin masaƙa da marina, a rubuta sunan kowace saƙa da lissafin zarenta tun suna da rai. Na biyu, hukuma ita ce babbar mai saye ranar biki. In ta keɓe wani kashi na tufafin 13 ga Mayu da 18 ga Disamba ga saƙar gida, manomin auduga zai samu, mai kaɗi za ta samu, marini da tela za su samu.

Ba a tilasta wa ido abin da zai so, kuma Nijar ƙasa ce mai al'ummu da yawa, kowace da adonta. Don haka kafin a tsai da zane, a saurari matan da za su ɗaura shi da masaƙan da za su yi shi. Tufan da jama'a suka zaɓa da kansu shi ne za su sa bayan an tashi daga biki.