Faston da ya yi marmarin sama bai raina duniya ba

A wurin zaman makoki mukan ji ana cewa duniya ba wurin zama ba ce, kuma gaskiya ne. Kirista ya gaskata da tashin matattu, yana sa zuciyar ganin Yesu Almasihu ido da ido. Sai dai akwai masu jan maganar har ta kai su ga raina aure, lafiya da haƙƙin talaka, wai duk masu wucewa ne. Ni ban yarda da wannan ba, kuma wanda ya fi warware mini batun wani fasto ne ɗan Jamus, Dietrich Bonhoeffer.

An haife shi a 1906. A watan Yunin 1939, ana gab da yaƙin duniya na biyu, abokansa suka samar masa mafaka a Amurka saboda adawarsa da mulkin Hitila. Ko wata guda bai cika ba ya hau jirgin ruwa ya koma gida. Hujjarsa ita ce, wanda bai sha wuya tare da mutanensa ba, ba shi da bakin magana in an zo gyaran ƙasa bayan yaƙi. Ya shiga sahun masu shirin kifar da Hitila, ya kuma sa hannu wajen tsirar da wasu Yahudawa zuwa Suwizalan. A Janairun 1943 aka yi baikonsa da Maria von Wedemeyer. Ranar 5 ga Afrilu aka kama shi, aka kai shi kurkukun Tegel a Barlin.

Wasiƙun da ya rubuta daga can su ne suka kama ni. Mutum ne da mutuwa ke shawagi a kansa, kullum yana cikin Zabura da addu'a, amma ga shi yana roƙon iyayensa su kawo masa littattafai da taba, yana ba su labarin wani tsuntsu da ke kuka a farfajiyar kurkukun, yana ɗokin ranar da Maria za ta zo ziyara. A Disamban 1943 ya rubuta wa amininsa Eberhard Bethge wata magana da har yau wasu masu wa'azi ke jin nauyin maimaitawa: cewa bai dace ba mutum yana rungume da matarsa, hankalinsa kuma ya tafi ga begen lahira. In Allah ya ba ka farin ciki a nan, ka karɓa hannu bibbiyu da godiya, kada ka nemi fin Allah tsoron Allah. Lokacin marmarin gida na sama zai zo da kansa.

Tsohon Alkawari ya fi karantawa a wannan zama, inda albarka ke zuwa da hatsi, 'ya'ya da tsawon rai. Tun kafin kama shi ya koyar cewa akwai abu na ƙarshe, wato alherin Allah mai kuɓutar da mai zunubi, akwai kuma abin da ke gab da na ƙarshe, kamar ciyar da mayunwaci. Na biyun ba ya ceto, amma yana share hanya. Wannan ya sa raina yake ɓaci in na ji mai ƙoshi yana gaya wa gwauruwa ta yi haƙuri ladanta na sama, alhali buhun masara na jingine a ɗakinsa.

Ranar Lahadi 8 ga Afrilun 1945 ya yi wa 'yan'uwansa fursunoni sujada a ƙauyen Schönberg, inda aka kai su daga baya. Yana gamawa aka zo tafiya da shi. Saƙon da ya bar wa wani fursuna ɗan Ingila ya kai wa wani bishop mai suna George Bell shi ne, wannan ƙarshe a wurinsa mafarin rai ne. Washegari aka rataye shi a sansanin Flossenbürg yana da shekara 39, mako biyu kafin sojojin Amurka su iso wurin. Bethge ya tattara wasiƙun ya buga su a 1951.