Sojan Rum Ya San Abin da Ya Kai Shi Fagen Fama?

Yau za mu leƙa tsohuwar daular Rum ne da tambaya guda: sojan da ya saɓa garkuwa ya bar gida, ya san dalilin yaƙin kuwa?

A zamanin jamhuriya, sojan Rum manomi ne mai gonar kansa, kuma mai ƙuri'a. Majalisar dattawa ke ƙulla shawara, amma sai taron 'yan ƙasa ya amince ake ɗaura yaƙi. A shekara ta 200 kafin haihuwar Annabi Isa, aka kawo batun yaƙar Masedoniya, jama'a suka ce allambaran, domin yaƙin Hannibal ya gama galabaitar da su. Sai da aka sake tara su, aka tsorata su cewa Sarki Filibus na Masedoniya zai iya auka wa Italiya, sannan suka yarda.

Daga baya lamarin ya sauya. A shekara ta 107 kafin haihuwar Annabi Isa, janar Mariyus ya ɗebi talakawa marasa gona a soja. Sannu a hankali aikin ya zama sana'a, idon soja kuma ya koma kan janar mai raba ganima da filaye. Da janar Sulla ya juya rundunarsa kan birnin Rum a shekara ta 88 kafin haihuwar Annabi Isa, manyan hafsoshinsa suka watse, in ban da mutum ɗaya. Ƙananan sojoji kuwa suka bi shi, gudun kada ganimar yaƙin gabas ta faɗa hannun wasu.

Duk da haka, ba su zama makafi ba. A shekara ta 58 kafin haihuwar Annabi Isa, a Besanson ta Faransar yau, tsoron Jamusawa ya kama rundunar Yuliyus Kaisar, har ana ta rubuta wasiyya a sansani. Masanin tarihi Kasiyus Diyo ya ruwaito cewa sojoji na gunaguni wai babu wanda ya amince da wannan yaƙi, burin Kaisar ne kawai. Kaisar kuma ya tara hafsoshi ya tsawata musu cewa ba huruminsu ba ne tambayar inda za a kai su. Ya ce in kowa ya ƙi, zai tafi da runduna ta 10 kaɗai. Kunya ta kama su, suka bi shi.

Ke nan sojan Rum yakan gane dalilin manya, har ya yi shakkarsa. Amma rantsuwa, albashi da kunyar abokai sun fi ƙarfin shakkar.