Bayani A Kan Gigin Tsufa, Zuwa Ga Jama'ar Rano Da Kibiya

Wannan bayani ne a kan abin da Hausawa ke kira gigin tsufa, da abin da masu bincike suka gano game da shi.

A ƙasar Rano da Kibiya, tun daga Rurum har Tarai, ba baƙon abu ba ne a ga dattijon da ya yi shekara hamsin yana bin hanya ɗaya zuwa gonarsa, ran nan ya fita ya kasa gane hanyar gida. Ko tsohuwa ta ci tuwo yanzu, kafin a wanke kwano ta ce tun jiya ba a ba ta kome ba, ta kira jikarta da sunan ƙanwarta da ta rasu tun zamanin En'e. In haka ta faru, mutane su kan rabu uku. Waɗansu su ce ai tsufa ne, kowa ya daɗe zai ga haka. Waɗansu su ce sammu ne ko iska, a shiga sayar da akuya ana kai wa masu magani. Na uku, su ne mafi muni, in sun ji tsohuwa tana sambatu da dare tana ambaton matattu, sai su fara raɗa cewa mayya ce. Duka ukun sun yi kuskure.

Alƙur'ani mai girma ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli, aya ta 70, da Suratul Hajji, aya ta 5. Wanda ya duba da kyau zai ga ayoyin ba su ce makomar kowane mai tsawon rai ke nan ba, wani sashe na mutane suka ambata. Ido ma ya shaida haka, domin ga tsofaffi nan masu shekara casa'in suna tilawa ba gyara, suna lissafin gado da ka.

Malaman Hadisi kuwa sun yi wa abin suna, suna ce da shi ihtilaɗi, watau cakuɗewar hardar mai ruwaya a ƙarshen rayuwarsa. Ibnus Salahi ya keɓe masa babi a littafinsa na ilmin Hadisi. Hukuncinsu shi ne, abin da aka ji daga malami kafin ya ruɗe a karɓa, abin da aka ji bayan nan a dakata. Haka suka yi da Sa'idu ɗan Abu Aruba, babban malamin Basra a ƙarni na 2 na Hijira. Jariru ɗan Hazimu kuwa, shi ma na Basra, da 'ya'yansa suka ga alamar abin, sai suka tsare shi a gida, ba su bar kowa ya ɗauki karatu gare shi cikin wannan hali ba. A lura, ba wanda ya ce da waɗannan bayin Allah mahaukata, balle mayu. An ɗauki abin lalura ce mai lokacin farawa, aka kiyaye ilminsu, aka kiyaye mutuncinsu.

Abin da malaman nan ba su da halin gani shi ne cikin ƙoƙon kai. A shekarar 1901 aka kawo wata mace mai shekara 51, Auguste Deter, asibitin birnin Frankfurt a Jamus, tana mantuwa, tana zargin mijinta, ko sunanta ba ta iya ƙarasa rubutawa. Da ta mutu a 1906, likitan da ya duba ta, Alois Alzheimer, ya sa ƙwaƙwalwarta a madubin likita. Ya tarar ta motse, ga waɗansu dunƙule-dunƙule sun taru a tsakanin ƙwayoyinta, ga kuma zarurruka sun cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin kansu. Da sunansa a ke kiran cutar har yau, ita ce kuwa mafi yawa cikin cututtukan da ke kawo gigi.

To, mene ne tsufa kansa? Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, masu rabuwa biyu su maye gurbin waɗanda suka mutu. A 1961 wani Ba'amurke, Leonard Hayflick, ya nuna ƙwayar jikin mutum ba ta rabuwa har abada, in ta yi wajen sau hamsin sai ta tsaya. Daga baya aka gane dalili. A kowane bakin zaren gado da ke cikin ƙwaya akwai wani ƙulli, kamar wanda a ke yi wa igiyar rama don kada ta warware, kowace rabuwa kuwa sai ƙullin ya ragu. Mutum uku da suka warware wannan al'amari aka ba su kyautar Nobel a 2009. Amma ƙwaƙwalwa hanyarta dabam. Ƙwayoyinta masu ɗaukar tunani, wajen biliyan 86, galibinsu ba su rabuwa, waɗanda aka haifi mutum da su su ne zai kai kabari. Saboda haka tsufansu ba na ƙarewar ƙulli ba ne, na taruwar shara ne da ƙarancin ciyarwa. Kullum ƙwaƙwalwa tana fid da dattinta, in shekaru suka ja sai sharar ta yi rauni. Wurin da cutar Alzheimer ta kan fara ci shi ne sashen da ke ajiye sabon labari. Shi ya sa tsoho zai kawo labarin ranar da aka gama madatsar Tiga a 1974 tiryan-tiryan, amma bai san ko ya yi Azahar ba. Masu cewa da gangan ya ke yi, ai ga shi yana tuna na da, sun zalunce shi.

Hanya ta biyu ita ce ta jijiyoyin jini. Duk wanda ya ga yadda ruwan Tiga ke bin ƙananan magudanai zuwa gonakin Bunkure da Kadawa ya san in magudana ɗaya ta toshe, fegin da ta ke shayarwa ne zai bushe, ko da dam ɗin a cike ya ke. Haka hawan jini ke yi wa ƙwaƙwalwa. Shekara da shekaru yana dukan ƙananan jijiyoyi, wannan ta toshe, waccan ta fashe, mai shi bai ji ko ciwon kai ba. In babba ce ta toshe, shi ne shanyewar ɓarin jiki da kowa ya sani. In ƙanana ne, sai hankali ya riƙa zubewa kaɗan kaɗan.

Ba a ƙasashen Turawa kaɗai aka yi wannan bincike ba. A 1992 likitocin Jami'ar Badun, ƙarƙashin Farfesa Benjamin Osuntokun, kāna Farfesa Adesola Ogunniyi, suka haɗa kai da Hugh Hendrie na Jami'ar Indiana a Amurka. Suka gwada tsofaffin Yarbawa na Badun da tsofaffin baƙaƙen fata na birnin Indianapolis, da ma'auni ɗaya. A 1995 suka bayyana cewa cikin kowane ɗari na masu shekara 65 zuwa sama, wajen 2 ne ke da gigi a Badun, a can kuwa wajen 8. Abin ya ba da mamaki, domin kakannin mutanen can da yawa daga Afirka ta Yamma aka kwashe su. Sai hankalin masu bincike ya koma ga abin da ya bambanta rayuwar biyu, kamar cimaka da maiƙon jini da lafiyar jijiyoyi. Ashe gado ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba.

A ƙasar Hausa kuwa, likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun bi tsofaffi 322 a Zariya, suka buga sakamako a 2011. Sun sami kusan 3 cikin ɗari, kashi biyu cikin uku na masu ciwon irin na Alzheimer ne, sauran na jijiyoyin jini. Adadin waɗanda aka duba kaɗan ne, bai isa a yi wa Arewa duka hukunci da shi ba, amma ya isa shaida cewa cutar tana nan a gidajen Hausawa. Wani abin yabo ga likitocin ƙasar nan, sun lura gwajin Turawa na cewa a riƙe fensir a zana siffa zalunci ne ga wanda bai taɓa zama a aji ba. Sai na Badun suka ƙago gwaji da tsinken ashana huɗu, a jera su a gaban tsoho, a ce ya jera irinsu. Sa'an nan a kan tambayi wani na gida yadda halinsa ya sāke. Wannan daidai ne. Dattijon Kibiya da bai san yau nawa ga watan Bature ba, amma ya san kwanan watan Rajab, ya san saura kwana nawa kasuwa ta ci, lafiyarsa lau.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan lalura sun kai miliyan 57 a 2021, fiye da 60 cikin ɗari a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin hali. Maganin warkewa har yanzu babu. A 2023 Amurka ta yarda da wata allura mai suna lecanemab, mai share dunƙulen nan da Alzheimer ya gani, amma jinkirta ciwon kawai ta ke yi kaɗan, ga tsada, ga hatsarin kumburin ƙwaƙwalwa. Wannan ba zancen talakan Rano ba ne.

Zancensa shi ne rigakafi. A 2024 wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet, a Ingila, ya lissafa abubuwa 14 waɗanda in an kau da su, a ganinsu, wajen 45 cikin ɗari na gigin tsufa zai jinkirta ko ya kauce. A ciki akwai hawan jini, da ciwon suga, da shan taba, da buguwar kai irin ta faɗuwa a babur, da shaƙar gurɓatacciyar iska, da kurumta, da raunin gani, da zaman kaɗaici, da ƙarancin karatu a yarinta. Kurumta da yanar ido su ne mutane suka fi rainawa, alhali in ƙofofin nan biyu suka rufe, tsoho ya kan janye daga majalisa, ya bar zuwa ɗaurin aure, ƙwaƙwalwa ta zauna ba aiki. Yanar ido kuwa aikinta ba ya cin sa'a guda, an daɗe ana yinsa a asibitocin ido na Kano.

Mafi ƙarfin hujja ga mutanen karkara daga ƙasar Sin ta zo. A ƙauyuka 326 aka ɗauki masu hawan jini kusan 34,000. A rabin ƙauyukan aka koya wa ma'aikatan lafiya na ƙauye, waɗanda ba likitoci ba ne, su riƙa awo, suna ba da magani, suna bibiya. Bayan shekara 4, kamar yadda aka buga a 2025, gigi ya ragu da 15 cikin ɗari a waɗannan ƙauyuka bisa ga sauran. Ba wata na'ura mai tsada a ciki, abin awo ne da ƙwayoyin da a ke samu a kantin magani. Abin da aka yi a ƙauyen Sin ba abin da zai hana a yi shi a ɗakin shan magani na Tarai ko Rurum, in hukuma ta ajiye magani, mutane kuma suka daina barinsa da zarar sun ji sauƙi. Lokacin awon kuwa shekara arba'in ne zuwa hamsin, ba sai furfura ta gama kai ba. Ga kuma gishiri. Ƙa'idar likitoci ita ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya.

Sai dai a rarrabe. Gigin tsufa a hankali ya ke shigowa, cikin watanni da shekaru. Tsohon da jiya ya ke lafiya yau ya wayi gari bai san kowa ba, wannan wani abu ne dabam, mai yiwuwa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko suga ya faɗi, ko jijiya ta toshe. A kai shi Babban Asibitin Rano a ranar, kada a jira. Har mai tafiya a hankalin ma ya kamata likita ya gan shi, a Asibitin Malam Aminu Kano ko na Dawanau, domin ƙarancin wani sinadarin abinci, da ciwon maƙoƙo, da baƙin ciki mai tsanani duk su kan yi kama da gigi, su kuwa suna da magani.

Wanda ciwon ya tabbata gare shi, shari'a ta riga ta yi masa tanadi. Hankali shi ne sharaɗin taklifi, in ya gushe ba a bin mutum sallar da ya manta, ba a tilasta masa azumi. Littattafan fiƙihun Malikiyya suna da babin hajru, watau tsare dukiyar wanda ba ya iya sarrafa ta. Cinikinsa ba ya ƙulluwa, kyautarsa ba ta zartuwa, sakinsa ba ya aukuwa. Saboda haka ɗan da ya lallaɓa ya sa uba mai gigi ya dangwala yatsa a takardar sayar da gona, haram ya ci, ko da shaidu goma suka sa hannu. Hanyar ita ce a je gaban alƙali da takardar likita, ya naɗa waliyyi cikin dangi, a rubuta gonaki da dabbobi, a riƙa ciyar da tsohon daga cikinsu muddin ransa.