Adireshin Intanet Ya Yi Ƙaranci: Wace Hanya Ta Fi Zuwa Sabon Tsari?

Mai goro a Agege da mai shanu a Ibadan, in suka aika kuɗi gida ta wayar hannu, da adireshin intanet suke aiki ko ba su sani ba. Tsohon tsari na 1981, watau IPv4, adireshi wajen biliyan 4.3 kaɗai ya tanada. A watan Fabrairu 2011 babbar hukumar rabo, IANA, ta raba na ƙarshe da ke rumbunta.

Sabon tsari, IPv6, yana da adireshi ba iyaka a zahiri, amma shi da tsohon ba sa jin yaren juna. Dabarar injiniyoyi ita ce irin ta mai wasiƙar ajami da ya sa ta cikin ambulan mai adireshin boko don gidan waya ya kai. Ana naɗe saƙon IPv6 cikin na IPv4, a can ƙarshe a buɗe.

Hanya ta farko, 6in4, da hannu ake haɗa ta tsakanin wurare biyu sanannu. Tana da aminci, sai dai kowane saƙo yana ƙara nauyin bayit 20, kuma in wuraren sun yi yawa aikin ya zama jidali.

Ta biyu, 6to4, ta 2001, tana haɗa kanta, amma ta dogara ga na'urorin tsakani na 'yan sa kai. In saƙo ya ɓace, babu wanda za a tuhuma. A 2015 aka soke adireshin bai ɗaya da take bi.

Ta uku, Teredo, daga kamfanin Microsoft ta fito. Tana iya ratsawa inda mutane da yawa ke amfani da adireshi guda, amma tana da jinkiri, kuma masu tsaro ba sa son ta domin takan kewaye shingensu.

Ta huɗu, 6rd, kamfanin Free na Faransa ya fara aiki da ita a 2007. Gyaran 6to4 ce: kamfani da kansa ke riƙe da na'urorin tsakani, saboda haka mai gida ya san inda zai kai kuka.

Ga ƙaramin ofis, 6in4 ta wadatar. Ga kamfani mai dubban masu hulɗa, 6rd ta fi. Amma duk matakin wucin gadi ne; kayan aro ba ya rufe katara. Mafita ita ce kamfanoni su shimfiɗa IPv6 kai tsaye har zuwa wayar mai goro.